Tauraro Ɗaya a Idi-Araba

Shekara goma sha bakwai ina wanki da guga a Idi-Araba,
sunana bai taɓa ɗaukar tabo ba,
sai ran Talatar da wani Ogunlesi
ya ba ni tauraro ɗaya a cikin waya.
Wai na ƙona masa agbada.
Agbadar da ta zo da ƙunar sigari tun daga gida.

Ni ban ma san ana rabon taurari ba.
Saudatu, 'yar yayana, ita ta nuna mini
da dare, janareton maƙwabci na ta tari.
Ta ce, Baffa, kafin mutum ya tako ƙofarka yanzu
ya riga ya karanta abin da aka ce da kai.
Akwai manhajoji masu gadin suna. Zo mu zaɓa.

Ta buɗe uku, ta kasa mini su
kamar tattasai a bakin titi.

Ta farko da dala ake biyan ta.
Ba ta barci, ba ta gyangyaɗi.
Ko a Ikorodu aka ambaci shagona
sai ta yi haushi a aljihuna.
Na auna kuɗin watanta da ma'aunina:
riga ɗari da arba'in, wanki, sitati, guga.
Na ce wannan mai gadi ya fi gidan tsada.

Ta biyu aron baki take yi.
Saudatu ta taɓa ta, nan take ta rubuta:
muna matuƙar nadama, ya abokin ciniki mai daraja.
Nadamar me?
Wa ya aike ta ta durƙusa a madadina?
Gwiwar da ba ta san sanyin siminti ba
ai durƙuso ba ya yi mata wuya.

Ta uku kyauta ce, wata guda.
Duk wanda ya karɓi kayansa sai ta bi shi,
ta bi shi cikin danfo, ta haye gada da shi,
ta tarar da shi kan tuwon dare:
don Allah, tauraro biyar.
Na tuna Mama Tobi da kayan makarantar yara huɗu,
wadda nake ɗaga wa ƙafa har ƙarshen wata.
Ban taɓa bin ta da maganar bashi ba,
yau zan tura mata na'ura da roƙon yabo?

Saudatu ta ja layi a bayan kwalin omo,
nan tsada, nan sauri, nan wace ke jin Yarbanci.
Ni kuwa na jawo littafina mai warin kananzir.
Ga shi da hannuna, ranar da aka kawo ta:
agbada ruwan toka, ƙuna a hannun hagu, girman ƙwandala.

Ta ce, mu ɗauki hoto, duniya ta gani!
Na riƙe shafin har gawayin dutsen guga ya mutu.
Gaskiya ce, amma tana da zafi,
kuma na san abin da zafi ke yi wa yadi
in aka bar shi wuri ɗaya.

Na ce rubuta, da bakina:
Oga, ka dawo da ita.
Akwai wani tsoho a Mushin mai rufe ƙuna da zare,
ni zan kai, ni zan karɓo.

Ran Asabar ya zo, ruwa ya cika lambatu.
Bai dubi idona ba, ban buɗe littafi ba.
Ya ajiye agbadar,
ya ɗora wanduna uku a kai,
ya ce a sa sitati sosai.

Tauraron na nan, ɗaya, bai goge ba.
Kullum da safe Saudatu sai ta leƙa shi.
Kwalin omon ma na nan,
a kansa nake jingine dutsen guga,
ya ƙone daidai layin da ta rubuta tsada.